Masu Kiran Auta

A ofishin kula da gandun daji na bakin teku akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, bayan ɗakin ajiyar takalman ruwa. Ba shi da taga sai 'yar kafa kusa da rufi. Tebur ɗaya ne a ciki, da kwamfuta, da wata fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya. A nan Kunne-Ɗaya yake aiki.

Sunan ya faro ne da tsokana, ya tsufa har ya zama suna. Shekara goma sha tara mutumin ya yi yana kayar da itatuwa da injin zarto, ƙarar ta cinye masa kunnen hagu ƙurmus. Na daman kuwa, in ji abokan aikinsa, yana jin tafiyar tururuwa a kan katifa.

Masu gadin dajin sun rataya wasu ƙananan na'urori a jikin itatuwa cikin kurmin fadama, kowace da lambarta, suna ɗaukar duk wani sauti. Kowane mako a kwaso abin da suka ɗauka a zuba a kwamfuta, ita kuma ta nuna inda take zaton ƙarar inji ce. Sai dai kwamfutar wawiya ce, kukan gyare ma takan ce zarto ne. Shi ya sa ake bukatar Kunne-Ɗaya. Da ya ɗora abin saurare a kansa zai ce maka, "Wannan injin kwalekwale ne," ko, "Wannan zarto ne, sabo, kuma mai riƙe da shi ɗan koyo ne." Sai a tura masu gadi, a tarar haka ɗin ne.

'Yar wansa ce ta samo masa aikin. Ita ce jami'ar da ke bin sawun tsuntsayen gandun, kowa yana ce mata Malama. Tana da shekara bakwai itace ya faɗo wa ubanta a cikin kurmin nan ya mutu, Kunne-Ɗaya ya ɗauki nauyinta da na uwarta. Tun daga ranar bai sake taɓa zarto ba, ya koma gyaran injuna a bakin kasuwa har ta girma ta yi karatu. Dogo ake ce wa marigayin. Shi kaɗai ne kuma a duniya yake kiran ƙanensa Auta.

Wata ranar Talata da hantsi, Kunne-Ɗaya ya buɗe abin da na'ura mai lamba tara ta ɗauko. Sabuwa ce, ba a fi mako biyu da rataya ta ba, can cikin lungun da masu gadi ba sa son shiga saboda laka. Ya ji ɗigar ruwa daga ganye, ya ji kwaɗi. Sai inji ya tashi.

Ya yi tari biyu kafin ya kama. Da ya kama, can ƙarƙashin rurinsa akwai wani siririn fito, irin na iska mai bi ta tsagar ƙarfe.

Kunne-Ɗaya ya cire abin sauraren ya ajiye a hankali. Ya dubi fankar, ya tashi ya kashe ta, ya dawo ya sake kunna wurin. Tari biyu, sannan fiton. Ya san tsagar nan. A murfin injinsa take, shi ya ɗaure ta da waya da hannunsa. Kuma da wannan hannun ya jefa injin cikin ruwa mai zurfi shekara ashirin da biyu da suka wuce, ya tsaya yana kallo har kumfa ta daina tasowa.

A takardar rahoto ya rubuta: kukan gyare.

Kwana uku bai ci abin kirki ba. Matarsa ta ce, "Wai ko haƙori ne? Kana tauna kamar an ba ka tsakuwa." Ya ce zafi ne. Ran Juma'a Malama ta turo ƙofar ɗan ɗakin, takardar a hannunta.

"Baffa, barka da aiki."

"Barka kadai, ɗiyata."

"Gyaren lamba tara nan, da fetur yake aiki ne?"

Bai yi dariya ba. Ta ja kujera ta zauna.

"Na saurara da kaina. Ko ni da ba ni da kunnenka na san zarto ne. Na tura masu gadi jiya, sun zagaya wurin, babu itace ko ɗaya da aka taɓa. Babu garin katako, babu sawun ƙafa. Kuma ka lura? Injin yana tashi ya mutu, amma ba a jin faɗuwar komai."

"Na lura."

"Gobe zan shiga da kaina. Ka raka ni, kai ka san lungunan nan."

"Na tsufa da shiga laka."

"A kwalekwale za ka zauna, kunnenka nake so." Ta ajiye takardar a kan tebur. "Na san a wajen ne Baba ya rasu. Ni ma ban taɓa zuwa ba. In ya yi maka nauyi, ka faɗa."

Da ya ce ya yi nauyi, da ta ƙyale shi. Amma sai ya ji bakinsa ya ce, "Allah ya kai mu."

Sun tashi da safe ruwa yana cike. Ita ke riƙe da ɗan injin kwalekwalen, shi yana gaba. Suka wuce bakin gaɓa inda mata ke dasa 'ya'yan itatuwan ruwan gishiri a jere cikin taɓo, suka wuce tsibirin da balbelu suka mayar fari fat, suka shiga mashigin da itatuwa suka haɗe kai a samansa. Nan ta kashe inji suka koma tuƙi da hannu.

Ruwan ya zama baƙi kamar shayin da ya kwana. Saiwoyi sun fito waje sun tsaya cirko-cirko, kaguwa suna hawa da sauka a jikinsu. Rana tana tsaka amma hasken da ke isowa ƙasa bai fi na magariba ba. Tun suna jin tsuntsaye nesa-nesa har suka daina. Malama ta dubi agogonta ta rubuta wani abu a ɗan littafinta.

"Shirun nan ya yi yawa," in ji ta. Ta faɗa ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tayar da wani.

Bai bukaci ta nuna masa hanya ba. Hannunsa ne ya karkata kwalekwalen hagu, ya sake hagu, sai ga wurin. Kututturen yana nan, faɗinsa ya kai tabarma, gansakuka ta rufe shi. Gungumen ma yana nan kwance inda ya faɗi, rabi a ruwa rabi a laka, ya ruɓe ya yi baƙi, ƙananan itatuwa sun tsiro a bayansa. Na'ura mai lamba tara tana rataye a wani itace, taku goma daga nan.

Malama ta fita ta tsaya a kan wata saiwa tana duba na'urar. Shi ya zauna, hannuwansa a gwiwa, yana kallon ƙasan kwalekwale.

Inji ya yi tari biyu a saman kansu.

Malama ta kusa zamewa. Ƙarar ta cika wurin, ta mutu, ta sake tashi daga bayansu, sannan daga dama, sannan daga wurare uku a lokaci guda. Babu hayaƙi, babu warin mai, ganye ko ɗaya bai motsa ba. Kunne-Ɗaya ya toshe kunnensa mai rai da tafin hannu, amma fiton nan ya bi ta tsakanin yatsunsa.

Sai komai ya ɗauke ɗif. Daga can sama, wata murya ta namiji, cikakkiya, mai ɗan kauri a ƙarshe, ta ce:

"Auta!"

Littafin Malama ya faɗa ruwa. Ba ta ko dube shi ba.

"Auta! Kana ina?"

Shekara ashirin da biyu ba ta ji muryar nan ba, amma ya ga yadda bayanta ya sandare, ya san ta gane. Ta ɗaga kai a hankali. Ta laluba madubin hangen nesa da ke wuyanta ta kai ido. Ta daɗe tana kallo.

"Aku ne," ta ce. Muryarta ta fita kamar ba tata ba. "Baffa, aku ne. Masu jan wutsiya. Sun fi talatin."

Shi ma ya gan su yanzu, launin toka a cikin duhun ganye, jere a rassan wani babban itace mai koguna, kowanne ya karkata kai yana kallonsu da ido ɗaya. Shekara goma sha biyar ke nan ofis yana rubuta cewa irinsu sun ƙare a yankin, masu tarko sun kwashe na kwashewa, masu zarto sun kayar da gidajen sauran. Malama ta sha gaya masa cewa burinta a aikin nan ta ga ko guda ɗaya a daji. Ga su nan ta gani, fuskarta kuwa babu alamar murna.

Wani daga cikinsu ya buɗe baki.

"Ruwa yana zuwa, Auta."

Wani ya karɓa daga wani reshe. Muryar dai ita ce, amma ta dushe, ta mutumin da ya daɗe yana kira har maƙogwaronsa ya tsage.

"Auta. Don Allah, Auta."

Na uku kuma raɗa kawai yake yi, sunan kaɗai, yana maimaitawa, yana maimaitawa. Tsakanin kowane kira akwai wani ɗan sauti kamar na mai kurɓar ruwa ba da sonsa ba.

Malama ta sauke madubin. Ta dawo cikin kwalekwalen ta zauna tana fuskantarsa, gwiwarta kusa da tasa.

"Ka ce mana nan take ya cika."

Ya mai da idonsa ƙasan kwalekwale.

"Ka ce itacen ya same shi a ka, ko salati bai ƙarasa ba. Haka ka gaya wa Umma. Haka na girma ina yi wa Allah godiya cewa bai sha wahala ba." Ta nuna tsuntsayen da hannu. "Baffa, aikina ke nan. Aku ba ya ɗaukar magana daga ji ɗaya. Sai ya ji, ya sake ji, ya sake ji. Awa nawa?"

Tsuntsayen sun yi tsit, kamar su ma amsar suke jira.

"Daga hantsi," ya ce, "zuwa la'asar."

Daga nan maganar ta ɓalle masa. Ya gaya mata sati uku suka yi suna yanka a lungun nan a ɓoye, don tun a lokacin an hana. Ranar, itacen ya murɗe wajen faɗuwa ya danne Dogo a cinyoyi. Ya yi ta ƙoƙarin ɗagawa, ya sa zarto zai raba gungumen, sarƙar zarton ta tsinke. Dogo ya ce masa, da dariya ma ya faɗa, "Je ka kira mutane, sarkin ƙarfi, ba inda za ni." Ruwa yana ƙasa a lokacin, da ƙyar ya tura kwalekwale ya fita.

"A bakin mashigin nan da muka shigo na tarar da jirgin masu gadi. Su huɗu, ƙarti, da igiyoyi da gatura. Sun ɗaure jirgi a inuwa sun kunna rediyo suna cin abinci. Da na ɗaga murya sau ɗaya, ɗiyata, sau ɗaya tak, da sun zo sun ɗaga shi."

"Me ya hana ka?"

"Injin yana cikin kwalekwalena. Na san ɗauri ne, ni da shi. Na ce bari in laɓe cikin saiwoyi, yanzu za su tafi in wuce in kira namu. Suka gama ci suka kwanta. Na ce yanzu. Ina jin sa daga inda nake, sama-sama, su rediyo ya hana su ji. Ina kallon ruwa yana hawa jikin saiwar da na riƙe. Duk sanda na buɗe baki sai in ce, ai an riga an daɗe, in na fito yanzu me zan ce ya tsayar da ni? Da suka tafi na koma." Ya nuna gefen gungumen da haɓa. "Ruwan bai fi tafin hannu a saman fuskarsa ba. Idonsa a buɗe."

Malama ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kamar yadda take duban tsuntsun da ba ta san irinsa ba. Can ta ɗauki abin tuƙi.

"Juya mu," ta ce. "Ruwa ya fara ja."

Suna fita, inji ya yi tari biyu a bayansu. Babu wanda ya waiwaya.

Labarin aku ya tashi ofis tsaye. Manaja ya yi ta zagaya baranda yana tafa hannu, baƙi suka zo daga gandayen maƙwabta, aka zana sabon layi a taswira aka rufe lungun gaba ɗaya, ba tarko, ba zarto, ba kamun kifi, ba mai shiga sai da izinin Malama. A rahotonta ta rubuta cewa tsuntsayen suna kwaikwayon ƙarar inji da muryar mutum. Ba ta ce muryar wa ba. Masu gadi da suka ji da kunnensu suka ce ko an ba su izini ba sa so, kuma maganar ta bazu har masu tarko suka riƙa kauce wa mashigin da kansu.

Kunne-Ɗaya ya same ta a ofishinta ya roƙi a ba wani lamba tara.

"Babu mai kunnenka," ta ce, ba ta ɗago daga takardunta ba. "Dole a san ranar da zarton gaske zai shiga cikin na ƙarya. Kai kaɗai za ka bambance."

Haka ya ci gaba da saurare duk mako. A cikin wata na biyu ya fara jin wasu ƙananan muryoyi, na 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe bana, suna gwada sunan, suna tuntuɓe a kansa, har suka iya.

Ba ta ce masa ya gaya wa uwarta ba. Shi ya kai kansa, wata ranar Asabar bayan azahar. Ya tarar da matar wansa a tsakar gida tana ɗinke bakin wani tsohon labule, tabarau a kan hanci. Ta tura masa kujera da ƙafa.

"Yau kuma ƙanin miji ya tuna da mu? Ko hanya ka ɓata?"

Bai zauna a kujerar ba, ya durƙusa a ƙasa. Ya faɗi komai, bai rage ba. Allurar ta tsaya a hannunta tun daga tsakiyar labarin. Da ya gama ta cire tabarau ta ninke.

"Da na wanke rigarsa," ta ce, "laka na tarar har cikin aljihun ƙirji, babu jini ko ɗigo a wuya. Na ce a raina, wannan wane irin bugu ne a ka? Amma kai kaɗai ke kawo mana abinci, yarinya kuma tana son ka. Sai na ninke rigar na ajiye."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ce har yanzu suna yi?"

"Suna yi, Yaya."

"To, a kai ni."

Malama ta ƙi da farko, ta ce wurin ba na tsofaffi ba ne. Uwar ta ce, "Ke kin ji, shi ya ji, kaguwa ma sun ji. Ni ce matarsa." Ran Litinin da safe suka shiga su uku. Tsohuwar ta zauna a tsakiyar kwalekwale cikin rigar ruwa da ta yi mata yawa, ta riƙe gefe da hannu biyu har suka isa. Ta dubi kututturen, ta dubi gungumen. Ta miƙa hannu ta taɓa ruwan ta shafa a yatsunta.

Sun fi rabin awa babu motsi. Sai rassa suka fara cika, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ƙarar fiffike ba.

"Auta! Kana ina?"

Tsohuwar ta runtse ido. Ta bari suka yi mai ƙarfin, suka yi dusasshiyar, suka yi raɗar, ta saurara duka har ƙarshe. Sannan ta gyara zama, ta ɗaga fuska sama, ta yi magana da muryar da mace ke yi wa mijinta daga ƙofar ɗaki.

"Ga shi nan, Dogo. Ya makara, amma ga shi ya zo. Ga 'yarka ma, ta girma, ita ke tsaron wurin nan. Ka huta haka nan."

Kunne-Ɗaya ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza. Malama ta kama hannun uwarta. A sama aku talatin suka karkata kai suna kallon tsohuwar, babu wanda ya yi ƙara. Can wani ƙarami a reshen ƙasa ya motsa maƙogwaro, ya gwada wani sauti, ya sake gwadawa, a hankali, da muryar mace.

"Ga shi nan."

Tsohuwar ta ja mayafinta ta rufe kai.

"Ku mai da ni gida," ta ce. "Ƙafafuna sun yi sanyi."